Kunyar da Na Baro a Yola

Tun ranar da na dawo daga Yola ƙawayena na makarantar Islamiyya suka hana ni sakat. Wannan ta ce, "Hajiya Saude, da gaske zafin garin yana dafa ƙwai?" Waccan ta ce, "Wai an ce kin yi abin kunya a asibiti?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa tana ɗaukar nata gutsuren ta ƙara masa gishiri. To ga shi daga tushe. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, sai dai ta hau mota ta je ta gano wa idonta.

Kun san ɗan farina, wanda bautar ƙasa ta kai Adamawa ya ƙi dawowa Kano, ya zama malamin makaranta a can, ya auri 'yar Fulanin Yola mai suna Asta. Kun kuma san ban taɓa kiran sunansa ba. Kakarsa ce ta raine shi. Ni "wancan" nake ce masa, in na so girmama shi in ce "malamin Yola". Shi ma Yaya yake ce min, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Haka muka taso muka tarar, ban taɓa ganin aibinsa ba.

Shi ne ya bugo min waya da hantsi ya ce, "Yaya, Asta ta haihu."

Na ce, "Haihuwa kuma? Ba sai bayan babbar salla ba?"

Ya ce, "Bakwaini ce. Mace. An sa ta a kwalba."

Muryarsa ba ta yi min daɗi ba. Asta kuwa ba ta da uwa, sai wata goggonta tsohuwa tukuf a Namtari. Ashe tafiya ta kama ni. Kafin in haɗa kaya in sami mai kula min da gida, har an raɗa suna a asibiti, aka yi min takwara.

Kaya kam na haɗa su yadda ake haɗa wa mai jego: kanwa ungurnu rabin buhu, citta, kanumfari, kimba, majanyin saƙi, kayan jarirai masu kyau, da ƙaton ƙunshin ganyen darbejiya na wanka. A tasha direba ya ɗaga ƙunshin ya shinshina, ya ce, "Hajiya, darbejiya za ki kai Yola?" Na ce masa shi aikinsa tuƙi ne, ba binciken kayan mata ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya cusa shi a but.

Daga Kano zuwa Gombe ba abin faɗa sai ciwon baya. Wudil, Birnin Kudu, Darazo, Dukku, duk na wuce su ina jan carbi ina gyangyaɗi. A Gombe aka sauya mana mota, kuma nan na gamu da matar da ta zamar min ƙarfen ƙafa. Wata dattijuwa ce gajeriya, baƙa, da tabarau da ɗankwali ɗaurin coci. Ta shigo da buhuna biyu ta ce ba za a sa mata su a but ba, ta jibge su a kan ƙafafuna.

Na ce, "Baiwar Allah, ƙafar nan da kike gani tawa ce, ba ta mota ba."

Ta ce, "Yi haƙuri, Hajiya. Ulu ne da tsofaffin zannuwa, ba su da nauyi."

Ba su da nauyi a wajenta, tunda ba ƙafarta suka danne ba. Na juya fuska wajen taga na ƙudura ba zan sake yi mata magana ba. Ita ko a jikinta. Ta zaro kwarashi ta hau saƙa. Kafin mu kai Kaltungo ta gama wata 'yar hula wadda ko dunƙulen hannuna ba za ta rufe ba, ta ajiye a cinya ta kama wata. Ni kuma kun san ni, ba na iya ganin abu in yi shiru. Na ce, "Wannan ta 'yar tsana ce?"

Ta ce, "Ta mutum ce."

Na ce, "To Allah ya nuna min mutumin."

Gab da Numan muka isa shingen sojoji. Aka buɗe but, wani soja dogo ya kwance buhuna ya ga dunƙule-dunƙulen kanwa, ya ɓata rai. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin nasa yaren. Ina ta ce masa kanwa ce, yana ta cewa "Wetin bi dis?" Sai ga gajeriyar nan ta fito tana yi masa bayani da Turanci. Bai yarda ba sai da ya gutsira ya ɗanɗana. Yadda ya yamutse fuska ya tofar, duk motar sai da ta ɗauki dariya, har abokin aikinsa. Ya ɗaga mana hannu mu wuce yana goge harshe da hannun riga.

Daga nan dole na saki fuska. Ta ce sunanta Rahila, kowa Mama Rahila yake ce mata, tsohuwar malamar makaranta ce, tana zaune a Dubeli cikin Jimeta. Ta ce yanzu ai shinge ya zama wasa. A shekarun tashin hankali nan wurin kowa sauka yake, a taka a ƙasa hannu a sama, tsoho da mai ciki, ba mai tari. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta dubi but inda kanwata take, ta dube ni. Sai ta ɗauki hula ɗaya ruwan ƙwai ta sa min a tafin hannu. Na karɓa don kar in gwale ta, na jefa a jaka.

Muka haye gadar Numan, muka wuce Namtari, la'asar sakaliya muka shiga Jimeta. Wancan yana tasha yana jira. Ya durƙusa can nesa ya gaishe ni, na amsa ina kallon direba yana sauke kaya. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gani sarai, na kau da kai. Muka shiga a-daidaita-sahu, wanda su keke kawai suke ce masa, muka sake haye kogi zuwa Vinikilang inda yake haya. Tun daga tasha har ƙofar gidansa bishiyar darbejiya ce jere a titi, a tsakar gidan ma akwai wata ƙatuwa. Na tuna dariyar direba, na tura ƙunshina bayan ƙyaure.

Zafi kuwa, wadda ta yi tambayar ƙwai ba ta yi nisa da gaskiya ba. Katifa kanta zafi take. Maƙwabciyarsu ta leƙo da kwanon kunun gyaɗa tana cewa, "Hajiya ya zo lafiya? Ya gaji ko?" Sai da na waiga in ga wane namiji ne ya shigo bayana. Haka Hausarsu take, mace da namiji duk ɗaya. Amma kunun nan, wallahi ban taɓa shan irinsa ba, kuma kifinsu ya sa na raina wanda muke saya a Kano.

Da safe muka tafi asibiti. Sai a lokacin na san Yola daban, Jimeta daban. Muka bar hayaniyar kasuwa muka shiga wani gari mai tsit, kowa yana magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. An riga an fitar da takwarata daga kwalba, an mayar da su wani ɗaki na mata zalla. Da na sa kai na ɗauka na yi ɓatan hanya. Mata ne a zazzaune a kan gadaje, ba mai goyo a baya, kowace ta ɗaure jaririnta a gaba, tsakanin nonuwa, fata da fata, ba riga, sai ɗan kai da ke leƙowa da hular ulu. Hular ulu a Yola! Ni gumi na bin bayana, su an lulluɓe su kamar ana sanyin Jos.

Asta na can ƙarshen ɗaki. Tana hango ni ta yi wuf ta kwance zanin, ta ciro 'yar ta kwantar a gefen gado, ta sauko ƙasa ta durƙusa ta ce, "Jabbama, Dada." Wato sannu da zuwa, uwa. Daga nan ta juya fuskarta bango.

Na ɗauki takwarata. Jama'a, na haifi 'ya'ya, na wanke jikoki, ban taɓa riƙe ɗan mutum mara nauyi haka ba. Fatarta ja, hannunta bai fi babban yatsana kauri ba, ƙirjinta yana ɗagawa da sauri-sauri. Kayan da na sayo mata, ko ɗaya ba wanda ba za ta ɓace a ciki ba. Na laluba jaka na ciro hular nan ruwan ƙwai, na sa mata. Ta zauna mata cif.

"Allah ya nuna miki mutumin ke nan," in ji wata murya a bayana.

Mama Rahila ce, da buhunta. Ashe ita da wasu matan Dubeli, Musulmi da Kirista, su ne ke ɗawainiya da ɗakin nan. Suna bi gida-gida suna karɓar tsofaffin zannuwa, su wanke su yanka su ɗinke su zama abin ɗaure jariri a ƙirji. Wasu saƙa suke, wasu su dafo abinci su kawo wa matan da suka zo daga ƙauye ba su da kowa a gari, wasu kuma su zauna su riƙe jariri a nasu ƙirjin uwar ta samu ta yi wanka. Akwai masu keken da suke kawo mai naƙuda kyauta in matan nan suka kira su. Ta yi min bayanin cewa bakwaini ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ko da garin yana tafasa, sai dai ya ara daga jikin uwarsa. Nono kuma a kai a kai, tunda bai da ƙarfin tsotso sosai, uwa ta tatsa a ɗan kofi a ɗiga masa. Na ce to, kowane gari da nasa salon.

Ranar kuma na gamu da wata 'yar yarinya likita da ba ta girmi autata ba. Ta ce suna bincike ne kan abin da ke sa haihuwa ta zo kafin lokaci, da abin da ke hana masu cikin fari zuwa awo da wuri, ta nemi izinin Asta ta yi mata tambayoyi. Duk tambayar da ta yi ni nake amsawa, har ta ce, "Hajiya, ke ma in kina da ciki sai in dawo kanki." Na kama bakina. Da ƙyar aka ji muryar Asta. Ashe ba ta fara awo ba sai da ƙafafunta suka kumbura, kanta ya dinga sarawa, jininta ya hau. Likita ta ce, "Me ya hana ki zuwa tun farko?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kunya." Likita ta ce wannan amsar ta fi kowace yawa a abin da take ji, kuma da an auna jinin da wuri, da wataƙila an shawo kansa cikin ya ƙara kwana. Da ta ji zancen kanwa da wankan ruwa mai tafasa kuwa, sai ta riƙe baki ta ce mai hawan jini ko kusa kar ta gwada. Rabin buhun da na yi wa faɗa da soja ya tashi a banza.

Duk da haka na ce ba zan zama 'yar kallo ba. Kullum da sassafe ina asibiti, ba na tashi sai magariba ta kawo jiki. In shimfiɗa dardumata a gaban gadon Asta, in naɗe takwarata a tawul in ɗora a cinya. Asta kuwa ko kallon inda 'yar take ba ta yi. In nas ta zo ta yi faɗa, ta ɗaure ta a ƙirji, nas na juya baya ta kwance ta miƙo min. Tatsar nono kuwa sai in na fita alwala. Ni kuma daɗi nake ji! Har na bugo wa wasunku waya ina yabo, ina cewa yaran Kano su zo Yola su koyi kunya.

Kowace safiya ana ɗora jariran a sikeli. Kafin in zo, an ce takwarata tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Da na zo sai ta tsaya. Daga nan ta fara raguwa. Wata safiya nas ta taɓa ƙafarta ta ji sanyi, ta kira likita, suka yi magana da Turanci, na ji kalmar da na gane, za a iya mayar da ita kwalba. Kwalbar kuma akwai wasu a ciki da suka fi ta ƙanƙanta. Na ce ko maita ce, ko baki. Na fara tofa mata addu'a.

Mama Rahila ta dafa ni ta ce in zo mu sha iska. Muka zauna a gindin darbejiya, ta zaro kwarashinta.

Ta ce, "Hajiya, a shekarar da mutanen Mubi da Michika suka kwararo garin nan da ƙafa, gidana ya cika har baranda. Cikinsu akwai wata yarinya mai ciki, ta yi kwanaki tana tafiya a daji. A ɗakina ta haihu, ɗa namiji, ƙarami kamar takwararki. Ni da maƙwabciyata, wata Bafulatana, muka yi masa wanka tas, muka shafa masa hoda, muka kwantar da shi kusa da taga don ya sha iska, saboda zafi. Da kyakkyawar niyya muka yi. Bai kwana biyu ba." Ta ƙirga idon saƙarta. "Daga baya aka gaya mana da a ƙirjin uwarsa muka bar shi, da wataƙila yau yana makaranta. Shi ya sa kike ganina da buhu."

Na ce, "Allah ya ba ku lada."

Ta ce, "Amin. To ke ma da kyakkyawar niyya kike zaune a gaban gadon nan. Yarinyar nan 'yar fari ta haifa, kuma sunan surukarta aka sa mata, ga surukar zaune tana kallonta daga safe har yamma. Ta yaya za ta buɗe ƙirji? Nas-nas suna jin nauyinki, shi ya sa ba su faɗa ba. Ni kuwa na riga na taka miki ƙafa tun daga Gombe."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na baro gidana, na sha ramukan hanya, a ce ni ce ciwon? Na ce, "To Malama, na gode. Tunda ni ce sanyin, bari in ba ku wuri." Na naɗe dardumata na hau keke na koma Vinikilang, ko sallama ban yi wa Asta ba.

Kashegari na ƙi fita. Na zauna a tsakar gida ina kallon darbejiya ina huci. Da la'asar wancan ya dawo daga asibiti, ya zauna a bakin ƙofa inda ya saba zama, nesa da tabarmata. Na tambaye shi jikin masu jiki ina kallon gefe. Ya ce Asta tun jiya kuka take, wai ta kori Dada, ta ƙi cin abinci, nonon ma ya ja baya. Goggonta kuma ta zo daga Namtari ta zauna a inda nake zama, Asta ta sake kwance 'yar.

Can ya ce, "Yaya, in yarinyar nan ta mutu, ban san yadda zan yi ba." Ya sa hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Ɗana ne yake kuka a gabana, tsakanina da shi bai fi taku kaɗan ba, na kasa tashi. Bakina ya kasa kiran sunansa. Sai na tuna lokacin da yake jariri, yadda nake jin kukansa a ɗakin kakarsa nono yana zuba a rigata, ina ta tankaɗe kamar ban ji ba, sai kowa ya fita in lallaɓa in ɗauke shi a bayan ƙyaure in shinshina kansa. Shi Allah ya yi shi ƙato, ya jure. Wannan 'yar tsakuwar ba ta da abin jurewa. Kuma ko na koma Kano, ga goggo, ga maƙwabta, ga duk wadda za ta zo barka. Ba wurin zama zan sauya ba, kunyar ce zan karya.

Da safe na ce masa ya biyo ni har cikin ɗakin a lokacin da ake barin maza su leƙo. Muka tarar da ɗakin cike. Goggo tana kan tabarma da carbinta, Mama Rahila tana raba kunu, takwarata tana kwance ita kaɗai cikin tawul. Asta ta sauko za ta durƙusa, na ce ta koma ta zauna. Wancan ya tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Asta, ɗago ki dube ni. Kin ga wancan na bakin ƙofa? Ɗan farina ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa riƙe hannunsa a gaban mutane ba. A Kano ana yabona da wannan."

Na juya. Wallahi harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Na ce, "Nasiru."

Bawan Allah sai ya waiga bayansa ya ga wa ke kiransa. Wata mai jego ta tuntsire da dariya, jaririnta na tsalle a ƙirjinta.

Na ce, "Kai nake kira, Nasiru! Akwai wani Nasirun da na haifa ne? Zo nan."

Ya taho kamar mai tafiya a kan ƙaya, ya durƙusa a gabana. Na cire masa hula, na dafa kansa da hannu biyu, na jawo shi jikina. Kan nan da nake shinshinawa a ɓoye, har ya fara sanƙo ban sani ba. Na ce, "Ka rame, ɗana. Ka ci abinci." Ya ƙanƙame gefen mayafina, ban ga fuskarsa ba, amma na ji mayafin ya jiƙe. Goggo ta rufe baki da hannu tana salati da Fulatanci.

Na ce, "Asta, ni na zubar da tawa kunyar a gaban mutanen Yola, a bakin tsufana. Saura ke. Ɗauki 'yarki. Ina kallo, goggonki na kallo, ki ɗaure ta, ki ba ta nono. Wadda ta ce ba ki da kunya ki turo min ita."

Ta dubi goggonta. Tsohuwar ta daɗe tana kallona, sannan ta ce wata kalma ɗaya da ban ji ba, ta ɗaga mata haɓa. Asta ta miƙa hannu ta warware tawul ɗin, ta ɗora 'yar a ƙirjinta. Mama Rahila ta ajiye ludayi ta zo ta ɗaure mata zanin ta baya. Karon farko ke nan da na ga Asta ta sunkuya ta kalli fuskar abin da ta haifa a gabana. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce da nas, da ƙarfi yadda kowa ya ji, a miƙo mata kofi.

Ba a mayar da takwarata kwalba ba. Sikeli ya yi kwana biyu yana mana rowa, sannan ya fara motsi. Ni kuma aka ba ni aiki: in Asta za ta yi wanka, ni ake ɗaura wa. Ku yi dariyarku, na yi goyon gaba, da hijabina a sama. Ɗumin 'yar nan a ƙirjina har yanzu ina jinsa. Na zauna har aka sallame su, muka yi arba'in a Vinikilang da ruwa mai ɗumi kawai. Kanwar na bai wa maƙwabciya mai awaki. Kafin in taho na je Dubeli na yi wa Mama Rahila sallama, ta cika min jaka da busasshen kifi, ta ce in na sake zuwa ba ulu kar in sauka a gidanta. 'Yar likitar nan ma ta roƙe ni in gaya wa matan Kano abu ɗaya, ga shi na faɗa: duk mai 'ya ko suruka mai cikin fari, ta ja ta awo da kanta tun ciki bai fito ba, kar ta jira yarinya ta faɗa, don ba za ta faɗa ba. Tsofaffin zannuwanku kuma da kuke ajiya a ƙasan akwati, ku kawo min, na san inda za su yi amfani.

Wannan shi ne abin kunyar da aka ce na yi. Har yanzu in zan kira Nasiru sai na ɗan yi gyaran murya, shi ma in ya zo cewa Umma sai ya yi tuntuɓe ya koma Yaya. Muna koyo.

Shekaranjiya Asta ta bugo min. Ta ce sun je awon jarirai, hular ruwan ƙwai ta daina shiga, sun mayar wa Mama Rahila ta bai wa wata. Muka yi sallama, ta ajiye wayar ba ta kashe ba. Ina shirin kashewa sai na ji muryarta, ba irin wadda take min magana da ita ba, tana dariya tana cewa, "Saude! Saude, sakar min ɗankunne. Ke Saude, ba kya ji ko?"

Sunana gatsau, a bakin surukata. Ni na jawo. Na buɗe baki zan ce na'am, sai na tuna ba ni ake kira ba. Na bar wayar a kunnena ina saurare har katinta ya ƙare.